Kwantom Ba Tsafi Ba Ne: Bayani Ba Tare Da Lissafi Ba

Tun yanzu ina ba da haƙuri, rubutun nan dogo ne. Wanda yake cikin lakca ya ajiye sai ya fito, wanda cajinsa ya yi ƙasa ya nemi inda zai jona tukuna.

Akwai kalmomin da in an ambace su a jami'a sai ka ga fuskar ɗalibi ta sauya kamar an ce masa an kafe sakamako. Kwantom na cikinsu. Ina karatun digiri na biyu a fiziks a nan Gombe, kuma kusan duk wanda na gaya wa haka, daga Tudun Wada har Kashere, amsarsa ɗaya ce: "Allah ya ba ku lafiya, wannan ai karatun masu taɓin kai ne." Ƙannenmu na aji uku da aji huɗu su ma, da yawansu haddace lissafin suke yi, su zube shi a takardar jarabawa, su fito su wanke kai. Ka tambayi mutum me lissafin yake faɗa game da duniya, sai ya yi dariya ya ce shi dai ya tsallake.

Wannan tsoron yana jawo mana asara biyu. Ta farko, yara masu kai suna gudun fannin da wayar hannunsu da solar gidansu suka dogara a kansa. Ta biyu, tunda mu da muka karanta mun yi shiru, 'yan damfara sun ɗauki kalmar suna cin kasuwa da ita a kan iyayenmu. Zan zo kan wannan a gaba. Yanzu dai bari in gwada faɗin abin da Hausa, babu alamar lissafi ko ɗaya.

FARKO, MU SAN INDA MUKE MAGANA

Duk abin da kake gani, kai kanka, kujerar da kake zaune, iskar da kake shaƙa, an gina shi da atam, wato abin da a rediyo ake cewa ƙwayar zarra. Ƙanƙantarsa ta wuce tunani. Duba rula, ka ga ƙaramin layin nan na milimita ɗaya? Atam wajen miliyan 10 za su jeru a cikinsa. Kuma shi kansa atam ɗin yawancinsa fili ne. A tsakiyarsa akwai cibiya, ilektaron suna kewaye da ita. Da za a hura atam ya kai girman filin wasa na Pantami, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero ɗaya a tsakiyar fili ba.

Hankalinmu ya tashi ne cikin duwatsu da ƙwallo da Keke Napep. Da su muka koyi abin da muke kira "ai kowa ya sani". Babu wanda ya yi mana alkawarin cewa ƙa'idar da ke aiki a kan Keke ita ce za ta yi aiki a kan abin da ya fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta sau dubbai. Kimiyyar kwantom ita ce ƙa'idojin wannan ƙaramar duniyar. Shi ke nan.

NA ƊAYA: ƘARFI A ƘULLE YAKE ZUWA

Je wurin maƙeri ka tsaya. In ya sa ƙarfe a wuta, zai fara ja mai duhu, ya koma ja mai haske, ya yi ruwan lemo, in zugar ta yi ƙarfi ya doshi fari. Maƙeri da ido yake gane zafin ƙarfensa. To a ƙarshen ƙarni na 19 masana a Jamus sun auna launukan da abu mai zafi ke fitarwa daki-daki, amma lissafin da ake da shi a lokacin ya kasa fitar da abin da suka auna.

A ranar 14 ga Disamba, 1900, Max Planck ya gabatar da mafita a Balin. Ya ce lissafin zai daidaita in aka ɗauka abu mai zafi ba ya ba da ƙarfinsa a tsiyaye, sai a ƙulle-ƙulle. Ka tuna bambancin mai sayar da man gyaɗa da mai sayar da ƙwai. Mai man gyaɗa zai iya tsiyaya maka ko nawa ne, ya ƙara ɗigo, ya rage ɗigo. Mai ƙwai kuwa ɗaya ne, ko biyu, ko uku. Ba a sayen ƙwai ɗaya da kwata. Kafin Planck kowa ya ɗauka ƙarfi kamar man gyaɗa yake. Ashe ƙwai ne. Ƙulli ɗaya shi ake kira kwantom, daga kalmar Latin mai nufin "nawa". Dalilin da ya sa ba ma lura shi ne ƙullin ya yi ƙanƙanta ainun, kamar yadda in ka hango buhun gero ana juye shi daga nesa za ka ce ruwa ake zubarwa.

NA BIYU: YASHI BA YA KAƊO MANGWARO

Tun 1887 Heinrich Hertz ya lura haske na iya fizgo lantarki daga jikin ƙarfe. Abin da ya ɗaure kai shi ne: ka haska wani ƙarfen da jan haske komai tsananinsa, ilektaron ko ɗaya ba zai fito ba. Ka kawo hasken da ya wuce shuɗi, irin wanda ido ba ya gani, ko da ɗan kaɗan ne, nan take sai su fara fitowa.

A 1905 wani matashi ɗan shekara 26, ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Bern ta ƙasar Suwizalan, ya warware abin. Albert Einstein kenan. Ya ce shi kansa haske ƙwayoyi ne, waɗanda daga baya aka sa wa suna foton, kuma launi ne ke nuna ƙarfin kowace ƙwaya. Duk wanda ya yi yarinta a garin da ke da mangwaro zai gane. Ka ɗebi yashi cike da kwano ka watsa wa bishiya, ko ɗanye ɗaya ba zai faɗo ba, don kowace ƙwayar yashi ba ta da ƙarfin tsinke shi. Dutse ɗaya mai nauyi kuwa ya isa. Jan haske mai tsanani yashi ne mai yawa. Wancan hasken kuwa jifa ne da dutse. Saboda wannan bayanin ne aka ambaci Einstein a kyautar Nobel ta 1921, ba saboda nazarinsa kan lokaci da sarari da ya fi shahara da shi ba.

Wannan shi ne darasin fotoilektirik da muka haddace tun sakandare, kuma ɗan uwansa ne ke aiki a kan rufin shaguna da masallatai da fitilun titin Gombe. Foton ya faɗo daga rana, ya bugi ilektaron a cikin silikon na fanel, ya ɗaga shi, waya ta kwashe. Daga nan za ka fahimci abu biyu da masu haɗa sola ke faɗa. Hasken rana ne ke cajin batir, ba zafinta ba, in fanel ya yi zafi sosai ma aikinsa raguwa yake yi. Sannan ƙurar hunturu da ta lulluɓe fanel tare foton take yi, don haka goge shi ba ƙwalisa ba ce, kuɗi ne.

NA UKU: MATAKALA, BA GANGARE BA

A 1913 Niels Bohr, ɗan ƙasar Danmak, ya kai wannan tunani cikin atam. Ya ce ilektaron ba ya zama inda ya ga dama. Matakala gare shi kamar ta bene: ko yana kan ta ɗaya, ko ta biyu, babu tsayuwa a tsakani. In ya sauko daga ta sama zuwa ta ƙasa, sai ya jefar da bambancin a matsayin foton ɗaya mai launi ɗaya. Kowane sinadari da tsarin matakalarsa, don haka kowanne da launinsa, kamar zanen yatsa.

'Yan uwa mata da 'yan hostal masu girki sun sha ganin wannan. Miya ta tafaso ta zubo kan wutar gas, shuɗiyar wuta sai ta yi rawaya. Sodiyom ɗin cikin gishiri ne ke hawa matakala yana saukowa. Masu ƙona tsohuwar wayar wuta kuma suna ganin kore-kore saboda tagulla. Da wannan hanya masana ke sanin abin da ke cikin taurari ba tare da sun je ba.

NA HUƊU: GWAJIN TSAGA BIYU

A nan ne abin ya fara juya kai, ku gyara zama.

In ka je dam ɗin Dadin Kowa da safe ruwa ya kwanta, jefa duwatsu biyu kusa da juna. Kowanne zai ta da igiyar ruwa mai zagaye. Inda suka haɗu, wani wuri tudu ya hau tudu ruwan ya ƙara tashi, wani wuri tudu ya faɗa kwari su kashe juna ruwan ya kwanta. Wannan ɗabi'ar igiya ce kaɗai. Dutse biyu ba sa haɗuwa su zama babu dutse.

A farkon shekarun 1800 Thomas Young a Ingila ya nuna haske ma haka yake. In ya bi ta tsaga biyu ƙanana, ba layi biyu yake zanawa a bango ba, layuka da yawa ne, haske, duhu, haske, duhu. Launukan da kake gani a kan baƙin mai da ya kwanta saman ruwa a garejin makanikai bayan ruwan sama, irin wannan haɗuwar ce. Kenan haske igiya ne. Amma ba yanzu muka ce ƙwaya ne ba? To duka biyun gwaji ya tabbatar.

Sai a 1924 Louis de Broglie a Faransa, cikin kundinsa na digiri na uku, ya juya tambayar: in igiya na iya zama ƙwaya, me zai hana ƙwaya ta zama igiya? A 1927 Davisson da Germer a Amurka suka ga ilektaron na yin hakan, a 1929 aka ba de Broglie Nobel. Masu rubuta furojet, ku ji fa, kundi ne.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda Akira Tonomura da abokan aikinsa na kamfanin Hitachi a Jafan suka wallafa a 1989. Suka riƙa sakin ilektaron ɗaya bayan ɗaya, yana da hanya biyu da zai bi kafin ya isa allo. Kowanne ya isa sai ya bar ɗigo ɗaya, kamar ƙwaya. Da farko ɗigon barkatai suke. Da suka kai dubbai, sai ga layukan nan sun fito, haske, duhu, haske, duhu. Ilektaron ɗaya ne a hanya a kowane lokaci, to da wa ya yi karo? Amsar da lissafi ke bayarwa ita ce igiyarsa ta bi hanyoyin biyu ta haɗu da kanta. Kuma in ka sa na'urar da za ta gano wace hanya ya bi, za ka same shi a hanya ɗaya, amma layukan sai su ɓace.

Igiyar mece ce? Erwin Schrödinger ya rubuta ƙa'idar tafiyarta a 1926, a shekarar kuma Max Born ya faɗi ma'anarta: igiyar yiwuwa ce. Inda ta yi ƙarfi, nan aka fi samun ilektaron. Inda ta kashe kanta, ba a samunsa. Ba za ka iya cewa ga inda wannan ɗaya zai sauka ba, amma za ka faɗi yadda dubu ɗari za su rabu, kuma ba za ka kuskure ba.

NA BIYAR: AREWA MUKE KO GABAS?

Za ka ji ana cewa a kwantom abu na iya zama a hali biyu lokaci guda. Ana yawan ba da misali da kwabon da aka wulla sama. Ni misalin da na fi so a gida yake. Mu 'yan Gombe 'yan Arewa maso Gabas ne. To arewa muke ko gabas? Ba ruɗewa muka yi ba, kuma ba rabinmu ne a arewa rabi a gabas ba. Arewa maso gabas kusurwa ce cikakkiya mai zaman kanta, wadda aka haɗa daga biyun.

Haka ƙwayar kwantom take. Tana iya kasancewa a halin da ya gama biyu. Abin mamakin yana wurin awo. Na'urar awo kamar fom ɗin nan ne mai akwati biyu kacal, arewa ko gabas, dole ka cike ɗaya. In aka tambayi ƙwayar, sai ta ba da amsa ɗaya, kuma daga nan ta zauna a kan amsar. Ka tambayi dubu masu irin wannan halin, kusan rabi za su ce arewa, rabi gabas.

A kula da wani abu. "Awo" a nan ba ya nufin sai mutum mai hankali ya kalla. Duk abin da ya taɓa ƙwayar har ya ɗauki labarin halinta, ƙwayar iska ce, foton ne, ƙura ce, ya auna ta. Shi ya sa ba ka taɓa ganin Keke Napep ya shiga ta ƙofa biyu lokaci guda ba. Iska da haske na dukansa ba adadi a kowace daƙiƙa, ba shi da sirrin da zai ɓoye. Labarin kyanwar Schrödinger na 1935, wadda ake cewa tana raye kuma ta mutu, shi kansa ya kawo shi ne don ya nuna rashin dacewar ɗora wannan magana kai tsaye a kan manyan abubuwa.

NA SHIDA: GANGA DA ALGAITA

A 1927 Werner Heisenberg ya nuna ba zai yiwu ƙwaya ta mallaki takamaiman wuri da takamaiman gudu a lokaci guda ba. Mutane na ɗauka raunin na'urorinmu ne. A'a, ɗabi'ar igiya ce, kuma makaɗa sun san ta. Ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe, saurari mai algaita ya ja sauti ɗaya dogo. Za ka iya bin muryar da bakinka, amma in na ce a wace daƙiƙa sautin yake, babu amsa ɗaya, ya bazu cikin lokaci. Yanzu saurari harbin bindigar 'yan baka ko tafi ɗaya, tas! Ka san daidai lokacin da ya faru, amma wace murya ce, ta sama ko ta ƙasa? Babu, ya yi gajarta da yawa. In ka matse ɗaya, ɗayan ya bazu. Wuri da gudu haka suke ga ilektaron.

Wannan ne ma ya hana atam rugujewa. In ilektaron ya matsu kusa da cibiya, gudunsa sai ya bazu ya yi ƙarfin da zai fitar da shi. Da ba don haka ba, da babu kujera, babu mai zama a kanta.

NA BAKWAI: RATSA KATANGA

Ka buga ƙwallo a katanga sau miliyan, dawowa za ta yi. Igiyar ilektaron kuwa ba ta yankewa tsaf a jikin shinge, tana ɗan tsiyaya ciki. In shingen siriri ne ƙwarai, kaɗan daga cikinta zai leƙa ɗaya gefen, ma'ana wani lokaci za a sami ilektaron a can. Da wannan dabarar ake rubuta bayanai a memorin waya da filas ɗin da ka ajiye furojet ɗinka. Rana ma da shi take ci. Zafin cibiyarta ya kai digiri miliyan 15, amma duk da haka bai isa ya haɗa cibiyoyin haidurojin da ƙarfin tsiya ba, sai da wannan ratsawar. Nobel ɗin fiziks ta 2025 ta tafi ga John Clarke da Michel Devoret da John Martinis don sun nuna irin wannan ratsawa a cikin da'irar lantarki da aka ƙera da hannu.

NA TAKWAS: SARƘEWA

Ana iya haɗa ƙwayoyi biyu su sarƙe, ta yadda sakamakon awon ɗaya ke tafiya da na ɗayar komai nisa. Einstein bai gamsu ba. A 1935 shi da Podolsky da Rosen suka ce lallai akwai abin da ya ɓoye. Tunaninsu kamar takalmi ne: ka sa ƙafa ɗaya a mota zuwa Kano, ɗaya zuwa Yola. Na Kano ya buɗe ya ga dama, ya san na Yola hagu ne, babu abin mamaki, tun daga tasha aka raba. A 1964 John Bell ya gano hanyar da za a gwada ko tun daga tasha aka raba amsar. Aka yi gwajin sau da yawa, sakamakon ya nuna daidaituwar ta wuce abin da labarin takalmi zai iya bayarwa. A kan haka Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger suka sami Nobel a 2022. Amma a riƙe wannan: ba a iya aika saƙo da shi fiye da gudun haske, don babu mai zaɓar amsar da ƙwayarsa za ta bayar.

YANZU GA ABIN DA YA SA NA YI WANNAN DOGON RUBUTU

Kwanakin baya na je gaida gwaggona, mai fama da hawan jini da ciwon suga. Bayan mun gaisa sai ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin filo.

"Ɗan nan, kai da kake karatun abin, duba min. Gwajin kwantom aka yi min."

"Gwaggo, jini suka ɗiba?"

"Ina! Wani ƙarfe kawai na riƙe, kwamfuta ta karanto komai. Sun ce hantata da ƙodata da ƙashina duk sun taɓu. Sun ce maganin asibiti ne ke ƙara min, in ajiye in sha nasu."

Kwana tara ta yi ba ta sha maganinta ba. Da muka kai ta asibiti aka auna, likita ya ce Allah ne ya kiyaye. Yanzu ta koma kan maganinta, alhamdu lillahi. Amma gwaggo nawa ne a Bolari da Jekadafari da Herwagana ba su da wanda za su nuna wa takarda?

Duk wanda ya karanto zuwa nan ya riga ya mallaki abin da zai gane ƙaryar. Mun ce halin kwantom da ƙwayar iska ɗaya ta taɓa shi ya watse. Shi ya sa masu ƙera kwamfutar kwantom da yawansu ke sanyaya na'urarsu har kusa da ƙarshen sanyin da zai yiwu, ƙasa da digiri 273 a ƙarƙashin sifili da ɗan kaɗan bai kai ba. To ta yaya ƙarfen da aka riƙe da tafin hannu mai gumi a zafin Gombe zai karanto hanta? Haka abin wuya na kwantom, da kofin kwantom, da sitikar da ake manna wa waya. Na'urar asibiti da ke aiki da kwantom da gaske akwai ta, ita ce MRI, mai amfani da ɗabi'ar cibiyoyin haidurojin na ruwan jikinmu. Tana cin ɗaki guda, tana da maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, kuma likitan da ya yi shekaru yana koyo ne ke fassara hotonta.

Haka nan a majalisun hira, za ka ji an ce kwantom ya tabbatar da cewa tunaninka ne ke ƙera duniya, ko ya bayyana aljanu, ko ya halatta duba. Don Allah mu bar kowane ilimi a muhallinsa. Kwantom magana yake yi a kan abin da ake aunawa a ɗakin gwaji. Wanda ya ja shi zuwa inda bai je ba, bai kyauta wa kimiyya ba, bai kyauta wa addini ba.

INA MUKE A CIKI?

Daga wannan ilimi aka sami taransista a 1947, wadda biliyoyinta ke cikin wayar da kake karanta wannan rubutu. Daga shi aka sami leza a 1960. Farin ƙwan nan mara cin wuta da ya kori aci-balbal daga ɗakunanmu ya samu ne bayan wasu 'yan Jafan uku sun ƙera shuɗin LED, aikin da ya ba su Nobel a 2014. Taswirar waya da ke nuna maka hanya ta dogara da agogon atam a tauraron ɗan Adam, kuma tun 1967 ita kanta daƙiƙa da kaɗawar atam ɗin siziyom ake ƙayyade ta, sau 9,192,631,770.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantom, don cika shekara 100 da aikin da Heisenberg ya yi a 1925 yana ɗan shekara 23. Ƙasar da ta gabatar da ƙudurin a zauren majalisar a 2024 ita ce Gana. A gida kuma, tun 2004 akwai na'urar binciken nukiliya da ke aiki a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Akwai cibiyar ICTP a Tiriyaste ta Italiya, wadda Abdus Salam, ɗan Fakistan mai Nobel ɗin 1979, ya kafa a 1964 musamman don masana daga ƙasashe irin namu. Ƙofofin a buɗe suke, masu ƙwanƙwasawa daga ɓangarenmu ne suka yi kaɗan.

Ba zan ɓoye muku ba, wanda zai yi aiki da kwantom sai ya koyi lissafin, kuma lissafin na cin lokaci. Har gobe manyan masana ba su daidaita a kan mene ne ainihin ke faruwa lokacin awo ba, duk da sun daidaita a kan abin da za a gani. Amma lissafi ya fi shiga kai in ka san labarin da yake bayarwa.

Roƙona uku ne. 'Yan aji ɗaya da biyu, kada sunan kwas ya kore ku kafin ku shiga ajin. Waɗanda za su tafi koyarwa ko bautar ƙasa, kafin ku cika allo da alamomi ku ba yara labarin yashi da mangwaro, kuma ku nemi 'yar lezar nan ta wasan yara, ku miƙe silin gashi ɗaya a gabanta cikin ɗaki mai duhu, ku haska bango, ba ido ba. Yaran za su ga ɗigon haske da duhu sun jeru, gani kuwa ya kori ji. Na uku kuma ya shafi kowa, ko Hausa kake karanta ko Shari'a: in kun je gida hutu, ku tambayi iyayenku wane magani suke sha, kuma wa ya ba su.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba masu jarabawa sa'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wanda ya ga akwai amfani ya tura wa wani.